Kaza ta yi kwanci kan ƙwai 15 ta fitar da biyar kacal, laifin kazar ne ko na zakara?

Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da ƙoƙari. Na ga tambayarki, kin ce a Tudun Wada kike nan Zariya, kazarki ta Hausa ta yi kwanci kan ƙwai 15 cikin watan Afrilu, ta ƙyanƙyashe biyar ta tashi abinta ta bar goma a gurbi, da yara suka fasa sai aka tarar wasu baragurbi ne ruwa kawai mai wari, wasu da ɗan jini-jini, wasu kuma ga ɗan tsako nan ya haɗu har da gashi da ƙafafu amma a mace, shine kike tambaya ko kazar ce bata iya kwanci ba ki yanka ta ki huta, ko kuma zakaran ne ba shi da amfani.

Dan Allah ki ajiye wuƙar nan tukuna. Kazar da ta daure sati uku cur a zafin Afrilun Zariya bata gudu ba har ta fito da biyar, wannan uwa ce ta gari, irinta ake nema. Harkar kiwon kaji ita ce aikina, kuma abinda nake yawan gani wajen masu kiwon tsakar gida daga Samaru har ƙauyukan wajen Shika da Giwa shine asarar tun kafin kaza ta kwanta ake tafka ta, ko kuma a cikin gurbi mai kaza bata ma lura ba. Yaran nan da suka fasa ƙwan sun taimake mu fa, domin duk ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba in aka fasa shi zai nuna lokacin da ya tsaya, in kin san lokacin kuma kin kusa gano dalili. Amma sai kin san abinda ke gudana a cikin ɓawon nan tukun, toh bari in ɗan ja ki.

In kika fasa ɗanyen ƙwai a faranti ki duba saman gwaiduwa da kyau zaki ga wani ɗan farin ɗigo. Daga nan ɗan tsako ke farawa, mutane da yawa sun ɗauka gwaiduwar ce ke rikiɗa ta zama tsako, a'a, ita da farin ƙwai guzurinsa ne. In zakara ya hau kazar, ɗigon nan ya riga ya fara girma tun ƙwan yana cikinta, da ta saka shi ya huce sai ya dakata yana jiran ɗumi. Ɗumin da yake so wajen digiri 37 da rabi ne, jikin kaza kuma yana kai 41, shi ya sa in kika ɗaga mai kwanci zaki ga ƙirjinta a fige, ba ciwo bane, gashin wurin ne ya zube wani kuma ita ta cire da bakinta don fatarta ta taɓa ƙwan kai tsaye.

Daga daren da ta fara kwana a kan ƙwan lissafi ya tashi. Kafin kwana biyu su cika zuciya ta fara bugawa, ikon Allah, abu bai da kai bai da ƙafa na kirki amma zuciya na aiki. Rana ta uku jijiyoyin jini sun bazu a kan gwaiduwa suna janyo masa abinci. Ta huɗu zuwa ta biyar ido ya yi baƙi, ga tsiron fukafukai da ƙafafu. Wajen sati guda baki ya fito, kwana 10 ya fara ƙarfi kuma yatsun ƙafa sun rabu, kwana 12 zuwa 13 gashi ya fara rufe jiki. Wajen kwana 14 sai ya gyara kwanciya ya mai da kansa ɓangaren ƙwai mai faɗi, ki riƙe wannan domin a can ɗakin iska yake, wato ɗan fili a cikin ƙwai da ba komai a ciki sai iska. A wannan tsakanin ƙashinsa daga ɓawon yake jan sinadarin kalsiyam, kinga ɓawon yana ƙara laushi daidai lokacin da za a buƙaci fasa shi. Kwana 16 farin ƙwai ya kusa ƙarewa, daga kwana 19 kuma ragowar gwaiduwa take shigewa cikinsa ta cibiya, cibiyar ta rufe. Masana biyu a Amurka, Hamburger da Hamilton, tun 1951 suka kasa wannan tafiya mataki 46, har yau da shi ake koyar da ɗalibai, amma mu a tsakar gida waɗannan ranakun sun ishe mu.

Abu ɗaya da ban so ki manta, ƙwai numfashi yake. Ɓawon nan da kike gani sumul yana da ƙofofi dubbai da ido baya gani, iska na shiga ruwa na fita a hankali, kuma akwai wani tantani mai jijiyoyin jini da ke shimfiɗe a jikin ɓawon ta ciki, da shi tsakon ke shaƙar iska har zuwa ranar da huhunsa zai karɓi aiki. Duk abinda ya toshe ƙofofin nan ko ya bi ta cikinsu, kashin kaji ne, mai ne, maganin ƙwari ne, to ya isa ga tsakon.

Toh mu dawo kan goman ki. Waɗanda aka fasa ba a ga ko ɗigon jini ba, ruwa ne kawai, su ko dai tun farko ba zakara a jikinsu ko kuma ɗigon ya mutu kafin ya tashi. Anan ne kawai zan ɗan kalli zakaranki. Zakara ɗaya lafiyayye yana riƙe kaji kamar 8 zuwa 10, kuma hawa ɗaya kan wadatar da kaza sama da sati guda don tana ajiye maniyyin a jikinta, amma in ya tsufa ko kajin sun masa yawa ko zafi ya tsananta, ƙwai marar zakara zai yi yawa. Biyar sun fito, wasu kuma sun haɗu sun mutu, kinga zakaran yana aiki kenan, ba shi ne babbar matsalar ba.

Masu ɗan jini-jini, waɗanda in an haska za a ga jan zobe ya zagaye ciki, sun tashi ne suka mutu a satin farko, kuma a Afrilu wallahi zafi nake fara zargi. Ki yi lissafi da kanki Hajiya, kazar Hausa ba kullum take saka ƙwai ba, ta yi yau ta yi gobe ta tsallake jibi, kafin ta tara 15 an ci sati uku ko fiye. Ƙwan farko yana ina duk wannan lokacin? Yana kwance a lungu ƙarƙashin rufin kwano, da rana garin nan yana kai digiri 38 har 40, shi kuma ƙwai da zarar ɗumi ya haura wajen 27 zai fara motsi, dare yayi ya tsaya, gobe ya sake tashi, babu mai juya shi, kafin uwar ta zo ta zauna ya galabaita. Shi ya sa kwancin bazara ya fi kowanne ɓarna. Maganin ba kuɗi yake ci ba. Kullum ki ɗauke ƙwan ranar, ki rubuta kwanan wata a jiki da fensir, ki samu kasko ko tsohuwar tukunyar ƙasa ki zuba yashi mai ɗan danshi ki shimfiɗa tsumma a kai ki jera su tsinin yana ƙasa, ki ajiye gefen randa inda ya fi sanyi a gidan, kullum ki ɗan karkata su wani gefen. Kar ki wanke, akwai wani siririn rufi a jikin ɓawo mai tare ƙwayoyin cuta, ruwa na cire shi, kuma kar ki sa a firij. Ki bar mata guda ɗaya mai alama a gurbi don kar ta canza wuri ta koma bayan kicin ɗin maƙwabta. Ranar da ta fara kwanci ki zaɓi waɗanda basu wuce sati ɗaya ba, in an matsa kwana 10, sauran a soya wa yara. Ki bar mai tsaga da mai kashi a jiki da ƙato fiye da kima mai gwaiduwa biyu.

Yanzu ga waɗanda suka fi ci miki rai, waɗanda suka haɗu suka mutu. Ina da tambaya, akwai wasu kajin a gidan da suke saka ƙwai lokacin da take kwanci? In akwai to kusan na san abinda ya faru. Mai kwanci ta tashi cin abinci, wata ta faɗa gurbin ta saka nata ta fita, uwar ta dawo ta janyo shi ƙarƙashinta don ita bata ƙirga, wani lokacin ma a kanta za a hau a saka. Haka ƙwai zai yi ta ƙaruwa, wannan ya girmi wancan da kwana huɗu, wancan da sati. Ranar 21 na farkon suka fito, uwa zata jira kwana ɗaya zuwa biyu, daga nan dole ta tashi domin na waje suna kukan yunwa da ƙishi, na bayan da suka rage musu kwana uku ko biyar sai sanyi ya kashe su a cikin ɓawo da gashinsu da komai. Wannan ba rashin iya kwanci bane, duk uwar kirki haka zata yi. Ƙwan kwanci rana ɗaya ake sa shi gaba ɗaya, kowanne ki zagaye shi da fensir, kullum in ta tashi ki leƙa duk wanda ba alama ki cire. Mafi alheri ma ki keɓe ta, ki sa mata akurki ko lungunta ita kaɗai, in zaki canza mata wuri da daddare ake yi kuma kafin a sa ƙwan gaske, ki gwada ta da guda biyu kwana ɗaya ko biyu ki ga ta zauna.

Sannan 15 ɗin kansa ya yi yawa. Ƙaramar kazar Hausa 8 zuwa 10 ya ishe ta, mai jiki 12. In ta zauna kika hango ƙwai yana leƙowa ta gefe to an wuce. Mutane na cewa ai na gefen kawai za a rasa, ba haka bane, tana juya su da baki sau da yawa a yini, na gefe ya shiga tsakiya na tsakiya ya fito gefe, kinga kowa sai ya ɗanɗani sanyin, sai kwaɗayin ƙarin uku ya ja miki asarar rabin gurbi.

Akwai kuma bushewa, wadda mu nan arewa tafi damunmu daga hunturu har ƙarshen bazara. Daidai ne ƙwai ya rage ruwa, kafin kwana 18 yana rasa kusan kashi 12 cikin 100 na nauyinsa, ta haka ɗakin iska ke faɗaɗa, amma in iska ta bushe ƙayau sai tantanin ciki ya yi tauri ya manne wa tsako ya kasa juyawa, zaki ga ya huda ɓawo ya mutu a nan bakinsa a waje. Gurbi a cikin kwali ko tsohon bokiti a saman tebur shi ke kawo wannan. Ki yi mata a ƙasa, ki ɗan haƙa rami marar zurfi a inuwa, ki yayyafa wa ƙasar ruwa ta yi sanyi-sanyi ba caɓi ba, ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa, satin ƙarshe ki riƙa ɗan jiƙa ƙasar gefen gurbin. Ƙasa na ce, ba a zuba wa ƙwan ruwa. Da damina kuma akasin haka, ki ɗaga wurin kar ruwa ya kwanta. Masu cewa tsawa ke kashe ƙwai, in kin je kin duba yawanci ruwan ne ya shiga gurbi ƙwan ya jiƙe ya yi datti ya ruɓe.

Don kar ki sake zaman sati uku cikin duhu, ki koyi haska ƙwai, abu ne mai sauƙi kuma ni har yau daɗin kallonsa nake ji. Daren kwana 7 zuwa 10, ki shiga ɗaki ki kashe wuta, ki kunna tocilar waya, ki dunƙule hannu a kanta ki ɗora ɓangaren ƙwai mai faɗi yadda haske bazai tsere ta gefe ba. Mai rai zaki ga jajayen jijiyoyi sun bazu kamar saƙar gizo-gizo, a tsakiya ga wani baƙin ɗigo, idon kenan, in kika yi shiru kika riƙe hannunki zaki ga yana lilo yana motsi da kansa. Wanda haske ya ratsa fes sai inuwar gwaiduwa, ba komai a ciki, cire shi. Mai jan zobe ba jijiyoyi, ya mutu, cire shi. Wanda kike kokwanto ki sa masa alama ki mayar, ki sake dubawa a kwana 14, lokacin mai rai ya yi duhu kusan duka sai ɗakin iska da ke haske a sama. Cire matattun nan wajibi ne don baragurbi in ya fashe a ƙarƙashinta ya ɓata sauran, ga warin da ke kiran ɓera da kwarkwasa. Ki yi da sauri da hannu mai tsabta ba mai man girki ba, kuma daga kwana 18 hannu ya fita daga gurbi.

Ita kanta uwar tana da haƙƙi. Sau ɗaya a yini take tashi, minti 15 zuwa rabin awa, ta ci ta sha ta yi wani ƙaton kashi mai wari ta yi wankan ƙasa ta koma, wannan tashin baya cutar da ƙwai, kar ki kife ta da kwando ki hana ta fita. Ki ajiye mata dawa ko masara da ruwa mai sanyi kusa amma ba a bakin gurbi ba. Abinda ke korar kaza daga kwanci tsakiyar hanya ƙwarƙwata ne da ƙuma da wasu ƙananan jajayen ƙwari masu shan jini da daddare, in kika sa hannu a gurbi kika ji abu na bin hannunki to ita ta daɗe tana shan wahala. Ki ƙone tsohuwar shimfiɗa kafin sabon kwanci, ki tanadar mata toka da yashi ta riƙa birgima, in abin ya yi yawa ki nemi hodar ƙwarin kaji wajen likitan dabbobi. Fiya-fiya kam dan girman Allah kar ta kusanci gurbi, na ga gidajen da aka yayyafa ta don ƙuma aka rasa ƙwan gaba ɗaya har uwar ta kwanta.

Ranar fita ita ce ranar da ake buƙatar haƙurinki. Wajen kwana 19 zuwa 20 tsako yake huda tantani ya sa baki cikin ɗakin iska ya ja numfashin farko, in kika kasa kunne zaki ji yana tsiyau-tsiyau daga cikin ƙwai uwar tana amsa masa ƙasa-ƙasa. Daga nan ya ƙwanƙwasa ɓawo da ɗan tsinin da ke saman bakinsa ya yi 'yar huda, sai ya yi shiru, shirun nan zai iya kai awa 12 har zuwa yini da kwana. Anan ne yara da ma manya ke cewa ya gaji bari a taimaka masa a ɓare. Ba gajiya ce kawai ba, jira yake jinin da ke cikin tantani ya koma jikinsa gwaiduwa ta gama shigewa, in kika ɓare kika ga jini to kin yanke masa jijiya, ko ya fito da cibiya a buɗe ya mutu washegari. Ki hana yara ɗaga ta suna leƙe, duk ɗagawa danshin da ke ƙarƙashinta ne ke tafiya. Wanda ya fito baya buƙatar komai nan take, gwaiduwar cikinsa zata riƙe shi kwana biyu, ki bar shi ya bushe a jikin uwarsa.

Biyar ɗin da kika samu kuma ki riƙe su da kyau, ruwa a murfi marar zurfi da 'yan tsakuwa a ciki kar su faɗa, abincin 'yan tsaki na buhu in da hali, in babu tsakin masara ko gero da ɗan garin ƙuli da gara, kuma ki tsare su da uwar a wuri mai rufi satuttukan farko saboda shirwa da muzuru. Ki yi musu rigakafin ciwon nan mai share kaji da hunturu, wanda suke zawo kore wuya ya murɗe, cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yin wanda ake ɗigawa a ido, ki tambaya a asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ko wani likitan dabbobi kusa da ke.

Dalilin da ya sa nace kar ki yanka ta, kajin gidan gona masu ƙwai irin su ShikaBrown da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI ta fitar a nan Shika, an zaɓe su ne don su yi ta saka ƙwai, da wuya ki ga sun yi kwanci, ƙwan kiret na kasuwa kuma ba zakara a gidan da ya fito ko shekara aka kwanta a kai ba abinda zai fito. Kazarki ita ce injin ƙyanƙyasarki, bata neman wutar NEPA bata neman fetur. Zaki iya sa mata ƙwan manyan kaji in kin samu mai zakara, ko na zabi da damina, sai dai na zabi kwana 26 zuwa 28 yake, na talotalo 28, na agwagwar gida 35, kar ki haɗa su da na kaza rana ɗaya don zata tashi da na kazar ta bar sauran, ki ba ta iri ɗaya kawai.

In ta yaye waɗannan ta dawo saka ƙwai damina ta sauka gari ya yi sanyi, ki gwada da guda 10 sababbi masu alama, ki haska a kwana 10. In kika tarar fiye da rabi fes ne ba ko jijiya, to sannan ne maganar zakara ta taso, ki samo matashi daga wani gida ba ɗan cikin kajinki ba, ki ba shi sati biyu da su kafin ki fara tara na kwanci. Allah ya sa albarka a kiwon.